Hannun Inna a Cikin Ruwan Wanka

Inna ba ta taɓa ɗaukar aikina da daraja ba. Duk sanda na zo Daura hutu sai ta ce wa maƙwabta, "Ga mai ɓeraye ta iso. Mu nan tarko muke ɗana musu, ita an kai ta jami'a tana musu hidima." Ina jin haushi, amma ina dariya, don gaskiyarta ce. Fararen ɓeraye nake kiwo a ɗakin gwaji, in ba su abinci, in share musu keji, sannan in yi musu allurar maganin ciwon daji.

Maganin yana kashe ciwon, amma yana cin jijiyoyin hannu da ƙafa. Abin da muke bincike ke nan. Muna da wani faranti da ake ɗumamawa, mu ɗora ɓera a kai, mu zuba wa ƙafarsa ido. Mai lafiya nan da nan zai ɗaga ta ya lashe. Wanda maganin ya taɓa sai ya tsaya yana shinshina iska, zafin bai kai masa ba, sai mu mu ɗauke shi kada ya ƙone. Wasu daga cikinsu mukan ba su ruwan wani ganye, ko Allah zai sa ya kare jijiyar. Bai kare komai ba. Malamina ya ce rashin sakamako ma sakamako ne. Ranar kamar in kwaɗa masa kejin.

Ina cikin wannan aikin aka gano ciwon a nonon Inna. Aka yi ta kai ta Kano ana ƙara mata ruwan magani, gashi ya zube, ya sake fitowa, likita ya ce an ci ƙarfin ciwon. Muka yi sadaka. Ni kuwa ƙafafunta nake kallo. Na ga takalmi ya saɓule mata a tsakar gida ta ci gaba da tafiya ba ta sani ba. Na ga tana jan carbi tana kallon 'ya'yansa, ita da take ja ido a rufe. In na tambaya sai ta ce, "Ke Auta, kin cika sa ido. Ɗan dindiris ne, zai wuce."

Abin da aka san Inna da shi a unguwarmu shi ne wankan jarirai. Ita ta wanke 'ya'yan yayyena kaf, da rabin yaran layinmu. Ko ungozoma ta karɓi haihuwa, sai an aiko a ce Inna ta zo ta gasa cibi. Saboda haka da na haihu na dawo gida wanka, ba a ma tsaya tambayar wa zai wanke jaririyata ba. Tun ina da ciki take cewa wannan ce ta ƙarshe, daga 'yar Auta ta ajiye.

Washegarin zuwanmu da hantsi ta sauke tukunya, ta juye a baho, ta surka da ruwan randa. Ina zaune a kan tabarma da jaririyar a cinyata. Ta tsoma hannu tana juya ruwan yadda ta saba, tana min faɗa a kan ban sha kunun kanwa ba. Tururi na tashi. Ni kuma idona na kan hannun, ina jiran ta fizge shi. Jiran nan na san shi, shi nake yi kullum a gaban faranti. Ba ta fizge ba. Ta zaro shi a hankali ta yarfe, ta ce, "Ya yi. Miƙo ta."

Na sa yatsa a ruwan, na cire da ƙara. Ban san sanda na ƙanƙame yarinyar na ja da baya ba.

"Inna, dafa ta za ki yi? Wannan ruwan ai na fige kaza ne!"

"Ni za ki koya wa ruwan wanka?"

"Dubi hannunki!"

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Kafin azahar bayan hannun ya ɗuri ruwa. Ina shafa mata magani ina kuka, ita kuwa ba ta jin zafin, kuma wannan ne ya fi komai ƙona min rai.

Da yamma na lallaɓa na ce ai abin da sauƙi, ni zan riƙa taɓa ruwan, ita ta yi wankan. Ta girgiza kai.

"Jariri da sabulu santsi gare shi. In ta suɓuce min fa? Ba zan sani ba sai na ji faɗuwarta." Sannan ta ce, "Auta, ɓerayen nan naku, suna warkewa?"

Karo na farko ke nan da ta tambaye ni aikina ba da tsokana ba. Na so in ce eh. Amma mu ba ma jiran su warke. In gwaji ya ƙare kashe su ake yi, a ciro jijiyar a duba ɓarnar da aka yi mata. Ɓarnar na sani, na san ta ciki da waje. Gyaran ne ban sani ba, kuma ban san wanda ya sani ba.

"Ba mu gani ba tukuna, Inna."

"To," in ji ta.

Da safe ƙanwar babanmu ta zo ta yi wankan. Inna na bakin ƙofar ɗakinta da hannu a naɗe, tana kallo. Na ga bakinta na motsi lokacin da Gwaggo ta juya yarinyar, da alama riƙon bai yi mata ba. Da aka gama aka shafa mata mai, na kai mata ita. Ta shafa bayanta da hannun mai lafiya, ta shafa kan, ta sake shafawa, sai ta janye hannun ta ajiye a cinya.

"Ba na jin ta," ta ce. "Ɗora min ita a kumatu."

Na durƙusa na ɗora mata. Har yau haka take ɗaukar jikarta, ni na riƙe, ita ta kawo fuska.