Kalandar Fijon Nata'ala

Duk wanda ya zauna a unguwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangi ya san Malam Nata'ala, kuma ya san farar Fijo 504 ɗin da ya gada wurin mahaifinsa. Direba ne tun yana saurayi, ya yi jigilar 'yan kasuwa har idonsa ya fara rauni ya ajiye aikin. Motar kuwa bai ajiye ta ba. A zamaninta babu amaryar da aka kai ɗaki daga unguwar Kokoro zuwa bakin kasuwa ba a cikinta ba. A ciki aka kawo masa matarsa Rahama, Allah ya jiƙanta. Da gari ya rikice a shekarun baya, wasu suka tsere da zinariya, shi kuwa ya lulluɓe mota da buhunan gawayi ya zauna gadinta.

To sai ga bikin autarsa Samira ya matso, wani mai tura kura ya zo da lodin rogo ya daki gaban motar. Baƙar ragar robar nan da ke tsakanin fitilu ta tsage tun daga sama har gindin tambarin zakin da ke tsakiya. Ya ɗaure ta da waya, amma tsagar tana nan a buɗe.

Hajiya Ummuhani, gwaggon ango, ta zo ganin shiri, ta dubi motar ta taɓe baki.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Amaryarmu ba za ta shiga mota mai giɓi ba. Muna da jif."

Ka ji mace! Ita kanta a wannan motar aka kai ta, tana kuka tana share hanci da labulen taga, Nata'ala yana kallonta ta madubi. Yanzu don ɗanta ya sayo jif na hannu shi ne take hura hanci. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya haɗiye, ya ce kafin ranar za ta ga gyara.

Ya karaɗe masu kayan mota na kasuwa, kowa ya ce an daina kawo irinta. Sai ya buga wa Haris waya, ɗan ƙanwarsa da aka kai Kano tun yana goye. Makanikan Bangi kuwa, da Faransancinsu, kalanda suke ce wa wannan raga, haka Nata'ala ya san ta tun tasowarsa.

"Kalandar Fijo 504 nake so, mai zaki a tsakiya," ya ce. "Ko tsohuwa ce."

"Tsohuwa kuma, Kawu? Sabuwa fil zan samo maka."

Saƙo ya biyo manyan motocin Kamaru, ya iso ana saura kwanaki kaɗan biki. Nata'ala ya kwance ƙunshin a gaban maƙwabta. Kalandar bango ce, ta kwanan wata, kowane shafi da hoton Fijo. Yaron kirki har maɗaba'a ya je aka buga masa, da zakin a tsakiya kamar yadda aka ce. Maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya rasa wanda zai zaga, Haris ne ko Faransawa ko harshensa da ya cakuɗe bai sani ba.

Ya cire ragar ya shimfiɗa a tabarma. Ya san gam ba ya riƙe irin wannan roba, wuta kuma ƙona ta take yi. Abin da ke narkar da ita shi ne ruwan goge jan farce, kuma sai da roba 'yar'uwarta ake liƙe ta. Ya gwada bokiti, ya gwada jarka, ya gwada kujerar roba, ruwan bai ko taɓa su ba. Abu ɗaya ne a gidan ya yi laushi da aka ɗiga masa: jar rediyon Rahama, wadda take ratayewa a ƙusar madafa. Tun rasuwarta ba wanda ya kunna ta, ba kuma wanda ya sauke ta.

Ya daɗe zaune da ita a cinya. Daga nan ya ɗauko magagari ya goge bayanta ya zama gari, ya zuba a kwalba da ruwan, ya yi kauri kamar kunu. Ya fafe tsagar, ya cusa ƙananan wayoyi ta ciki, ya cike ya bari ta bushe. Ta kama ƙam. Sai dai jan layi ya fito a cikin baƙin, shi kuma ya ƙi shafa masa fenti.

Ranar kai amarya ya je sallar la'asar a Masallacin Koudoukou. Kafin ya dawo, Hajiya Ummuhani ta sa 'yan mata sun rufe gaban motar ruf da furannin roba da kyallaye.

"Mun rufa maka asiri ne," ta ce. "Wannan tabon abin kunya ne."

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya sa hannu biyu ya fizge furannin ya watsar a kwata.

"Ta nan motar take shan iska, Hajiya. Tabon kuma nawa ne, ba na aro ba."

Hajiya ta ce to a matso da jif. Ana cikin haka aka fito da Samira a lulluɓe, mata suna guɗa. An buɗe mata ƙofar jif, sai ta tsaya, ta ɗaga mayafi kaɗan. Ta sunkuya gaban Fijon ta bi jan layin da yatsanta mai lalle. Ta san wannan ja, a gindinsa ta koyi tuƙa tuwo.

"Baba," ta ce a hankali, "rediyon Inna ce?"

Nata'ala ya kau da kai yana goge madubin da babu ƙura a jikinsa.

"Shiga mu tafi," ya ce. "Uwarki tana gaba."