Namadi ya shuka teku

Talata ce, cikin watan Afrilu. Aikin duba rumbunan iri ya kai ni yankin Mayahi, na kwana a ƙauyen da ɗana Rayyanu ke koyar da Ingilishi, a wani ƙaramin kolej kusa da Gidan Amumune. Shi ne ɗana na fari. Shekara ashirin da tara ban kira sunansa a gabansa ba. "Kai" nake cewa.

Ƙarfe shida muka sha kunu. Bakwai saura kwata ya ɗauki bokitin toka da wani tsohon kwalin sabulu, ya ce, "Baba, in ba ka gaggawa, taho ka ga duniya." Na bi shi.

Duniyar tana bayan azuzuwa. Fili ne na rairayi, taki sittin a tsawo, arba'in a faɗi. Daga baya na auna. Shekara uku ya yi yana jera gutsattsarin bulo da duwatsu har suka fitar da nahiyoyi. Iyakokin ƙasashe kuwa da toka yake zana su, kuma duk Talata sai ya sake, saboda iska da awaki.

Ƙarfe takwas ƴan aji biyu suka fito, su sittin da huɗu, ya raba su gida huɗu. Daga cikin kwalin kowa ya karɓi katinsa: a gaba sunan ƙasa da tutarta, a baya sunan ɗalibin da ke riƙe da ita duk shekara. Rayyanu zai hura usur ya faɗi jimla da Ingilishi. Mai ƙasar da ake nufi ya ruga ya tsaya a kanta, ƴan gidansu su kewaye shi, su faɗi babban birninta da harshen da ake yi a can. Wanda ya taka teku ya nutse, sai ya zauna har wani ya cece shi da amsa daidai. Ni da Faransanci na yi karatun noma a jami'ar Yamai. Gudun na gane, sauran ban gane ba.

Wata yarinya, Fatiha, mai riƙe da Japan, ta dawo tana haki wajen Rayyanu, wanda suke kira Mushe, wato malam.

"Mushe, ba a yi adalci ba! Kullum ni ka gudu har bakin masai, Sule ko taki ukku ya kai Mali!"

"Ke kika zaɓe ta, wai tutarta ba wuyar zane."

"To a matso da ita mana!"

"Faɗa da Ingilishi, in matso miki da ita yanzu."

Ta shiga laluben kalmomi. Sule ya ce, "Japan ta nutse!" Ta bi shi da takalmi, suka ratsa Turai a guje.

Ƙarfe goma, lokacin hutu, mai gadin makarantar ya zo gaishe ni. Sunansa Namadi, dattijo ne. Ya ce, "Alhaji, ɗanka ya cinye min gona. Nan nike shibka gero duk damana." Rayyanu ya ce, "Baba Namadi, ai na bar maka teku, kuma ya fi ƙasa yawa." Ashe haka suka shirya: Namadi yana shuka inda ruwa yake a taswirar, ya bar nahiyoyin.

Ƙarfe ɗaya muka ci shinkafa da wake. Ya tambaye ni yadda na gani. Na ce Madagaska ta yi kusa da gaɓa da yawa. Abin da na ce ke nan, ban ƙara ba. Ya yi dariya ya ce zai gyara.

Ƙarfe biyu ya ce kansa na ciwo. Na ce rana ce. Ƙarfe huɗu ya ɗaure min jaka a bayan kabu-kabu, na kama hanyar Tasawa.

Ranar Alhamis daraktan makarantar, Mushe Na Allah, ya kira ni: wuyan Rayyanu ya sandare, sun kai shi Mayahi. Sanƙarau ne. An yi abin da za a iya yi. Ya rasu ranar Asabar kafin azahar.

Bayan kwana arba'in na koma kwashe kayansa. Ruwan farko ya sauka kwana uku kafin zuwana. Tokar ta tafi gaba ɗaya, babu iyaka ko ɗaya. Bulon na nan, sai dai an ɗebi na kudancin Amurka an tokare ƙofar wani aji. Namadi ya shuka tekunsa, layi-layi, bai taɓa nahiya ba.

Na so filin ya ci gaba da aiki. Na tambayi darakta ko wani malami zai karɓa. Ya ce ba a turo mai Ingilishi ba tukuna, kuma bai san ranar da za a turo ba. Na bincika littattafan Rayyanu shafi-shafi, ina neman dokokin wasan da jimlolin. Bai rubuta ba. Na tambayi yaran, kowa ya ba ni abin da ya shafi ƙasarsa kaɗai.

Washegari Talata ce. Na roƙi toka a gidaje biyu, na buɗe taswirar littafi, na zana abin da na iya. Afirka ta ci min awa biyu. Yaran suka fito da kansu, suka rabu gida huɗu ba wanda ya ce musu. Na raba katunan. Na tsaya inda yake tsayawa, na hura usur.

Suka duƙa, kowa ƙafa ɗaya a gaba, suna jira. Ba ni da jimlar da zan faɗa.

Fatiha ta ce a hankali, "Baba, ka ce ko mi ne ne. Mu mun san wurarenmu."

Na ce, "Japan." Ta ruga har bakin masai ta tsaya. Ƴan gidansu suka kewaye ta suka yi amsa da ƙarfi, sannan suka juyo suna dubana, in ce daidai ne ko ba daidai ba. Ban sani ba. Muka tsaya haka har aka buga ƙararrawa.

Na ce wa Namadi daga baɗi ya shuka filin duka. Ya ce, "Bana dai teku."

Tufafin Rayyanu ƙannensa suka raba. Katifa da fitila na bar wa maƙwabcinsa. Littattafan suna ofishin darakta, cikin kwali, an rubuta "Ingilishi" a kai. Bokitin Namadi ya roƙa, yana ba tumakinsa ruwa da shi. Katunan na bar wa kowane ɗalibi nasa, hamsin da tara. Biyar ba su sami masu su ba: uku sun bi iyayensu Agadas, ɗaya yana kiwo wajen Issawane, ɗaya ba wanda ya san inda yake. Su na kawo Tasawa tare da usur ɗin, suna cikin aljihun teburina. Peru, Gana, Nowe, Indiya, Madagaska.