Ƙanen Inna da ba mu taɓa jin labarinsa ba

Shekarar da na gama jami'a aka gano 'yar yayana tana da ciwon suga. Shekararta tara. Ta rame, kullum tana gindin randa tana shan ruwa, kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. A asibitin Ɗambatta likita ya ce allurar insulin za a riƙa yi mata muddin rai.

A ƙauyenmu an ɗauka ciwon suga na alhazai ne masu tumbi, don haka aka shiga neman mai laifi, aka tsaya kan uwar yarinyar. Mahaifin uwar rake yake sayarwa, duk zuwan da zai yi sai ya riƙo wa jikarsa. Matan gida suka ce ita ta ɗura wa 'yarta zaƙi. Ta daina fitowa sussuka. Yayana kuma ya fara cewa ta je gida ta huta, kowa kuwa ya san irin wannan hutun.

Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa, yayana na wurin, sai Inna, mahaifiyarmu, ta dube ni.

"Kai mai digiri, rake ne ya jawo?"

Na ce gwargwadon abin da na karanta, wannan nau'in ba shan zaƙi ke kawo shi ba, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata abin da ke samar da insulin. Akwai alamar gado a ciki, amma mutum na iya ɗauke da shi bai taɓa kamuwa ba. Na ƙara da cewa yawancin binciken a kan Turawa aka yi, ba lallai namu ya zo daidai da nasu ba.

"Malam, eh ko a'a? Gyaɗar nan za ta ƙare ba ka gama ba."

"Ina jin a'a ne, Inna."

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce tana da ƙane da ya rasu kafin a yi mata aure. Haka ya bushe, haka ya riƙa shan ruwa, haka kiyashi ya riƙa bin sa. Aka ce iska ce, aka daina ambatonsa.

"Gidanmu kuwa rake sai da salla. In gado ne, ta wajena ya biyo." Ta juya ga yayana. "Mai korar wata ya fara da ni."

Na buɗe baki zan ce ba za a iya tabbatar da abin da ya kashe yaron ba, domin gaskiya ba za a iya ba, har yau ma ban sani ba. Ta kalle ni, na mayar da hankali kan gyaɗa.

Da la'asar Inna ta shiga ɗakin surukarta da ƙaramar tukunya cike da jiƙaƙƙen yashi. Tare suka binne kwalbar insulin a ciki, suka ajiye a inuwar randa don kada zafi ya ɓata ta. Washegari na ji muryar matar yayana a wurin sussuka. Maganar hutu ba ta sake tashi ba.