Muryarsa a cikin farar takarda

Ina cikin takaba lokacin da na fara buɗe kwamfutar maigidana. Ta yi kwana ashirin a cikin jakarta a bayan ƙofa, ƙurar hanyar Bukkuyum tana nan a jikin zif ɗin. Ban taɓa kunna ta da hannuna ba, amma na sha zama kusa da shi bayan la'asar ina tsince shinkafa, na ga inda yake dannawa.

Aikinsa shi ne bin masu auna ƙasa a ƙauyukan da gubar dalma ta kama yara. Daga Gummi yake tashi a kan babur, wani zubin Duza, wani zubin Tungar Daji. Ba ya son rubutu a tsaye cikin rana, saboda haka sai ya riƙa faɗa wa wayarsa abin da ya gani. In ya dawo ya zuba maganganun a kwamfuta, ya saurara yana rubutawa. Wayar ta tafi a haɗarin da ya tafi da shi. Abin da ya rage shi ne na cikin kwamfutar.

Muryar nake nema. Na sami wurin da ya tara su, na danna na farko. Sai kwamfutar ta jero mini hotuna ƙanana tana tambayar da wanne za ta buɗe. Turancina na firamare ne. Na duba na ga shuɗin nan da yake rubutu da shi kullum, na ce ai shi ya sani, na zaɓe shi. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa mai alamar maki, ban kula shi ba.

Farar takarda ta buɗe, cike da wasu baƙaƙe marasa ma'ana, ba boko ba, ba ajami ba. Na rufe na danna na biyu, haka. Na uku, haka. Da na koma baya sai na ga dukkansu sun sake kama, kowanne ya zama hoton takarda. Na rufe kwamfutar a hankali na mayar da ita jaka. A raina na gama yarda cewa da hannuna na goge muryarsa.

Ban faɗa wa kowa ba. Mai takaba ba ta fita, kuma ba zan iya aika ta shago a hannun wani ba, a buɗe ana kallon abin da na yi. Inna, mahaifiyarsa, tana ɗakin da ke kusa da nawa. Ta lura na rage cin abinci, ta ɗauka rashin ne kawai.

Bayan mako uku yayata ta zo daga Anka. Ita ke buga takardun jarrabawa a wata makarantar 'yan mata. Muna zaune tana ta labarin motar da ta kawo ta, sai na ji bakina ya faɗa mata.

“Mi kika danna?” in ji ta.

“Shuɗin nan, Yaya.”

“Ke dai tun kina ƙarama haka kike. Ki ɓata abu ki zauna a kansa kamar kaza. Ɗauko mu gani.”

Ta ɗora ta a cinya, ta danna ɓangaren dama a kan fayil ɗaya, jerin nan ya sake fitowa. Ta ce ba abin da ya goge. Wai ni ce na ce wa kwamfutar ta riƙa kai irin waɗannan wurin mai rubutu, wato shuɗin nan, ita kuwa ba ta gardama, kuma mai rubutu ba ya jin magana. Ta nuna mini manhajar sauraro, ta nuna mini ɗan akwatin.

“In da maki a nan, abin da kika zaɓa shi ne na kullum. Shi kika bari. Sa hannunki, ba ni zan danna ba.”

Na zaɓi na sauraro, na bar makin, na danna. Hotunan takardar suka juye gaba ɗaya.

Da farko iska ce kawai da kukan akuya. Sai ƙarar takalminsa. Ashe ya kunna wayar tun kafin ya shiga gidan mutane. Ya yi gyaran murya yadda ya saba, ya ɗaga murya ya ce, “Salamu alaikum, masu gida.”

Daga ɗakinta Inna ta amsa, “Wa alaikumus salam,” kafin ta tuna.

Babu wanda ya motsa. Shi kuwa ya ci gaba: gida na huɗu, ƙasar tsakar gida, turmi biyu, yara biyar, an ce a dawo ranar kasuwa. Yaya ta miƙa hannu za ta tsayar, sai muka ga Inna a bakin ƙofa da carbinta.

“Bar shi,” ta ce. “Bari ya gama aikinshi.”

Ta zauna a gefen tabarma, muka saurara har ya fita daga gidan.