Kofur ya koma layin baya

Shekara ashirin da tara Kofur ya yi yana busa tirampet a badujalar 'yan sanda, bai taɓa yarda a kira abin busarsa ƙaho kawai ba. In ka kuskura, to ka nemi wurin zama. Zai fara maka da begila, wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya, aikinta tashin mutane daga barci. Sai konet, gajera mai naɗi, bututunta na ƙara faɗi a hankali, shi ya sa muryarta ke da laushi. Sannan tirampet, mai siririn bututu da kaifin murya, 'yar layin gaba. Tuba kuwa, ƙatuwar da ake rungumewa, ba ya ɓata mata yawu. Tukunya yake ce mata.

Matarsa ta sha wannan karatu har ta haddace. Duk ranar fareti takan tsaya bayan igiya. In sun dawo gida ya tambaye ta ko ta ji shi, ta ce ta ji. Ya tambaya ko ya fi sauran masu tirampet biyar ɗin, ta ce nesa ba kusa ba, ta zuba masa abinci.

Saura wata huɗu ya yi ritaya haƙoransa biyu na gaba suka fara girgiɗi. Ya daina cin nama, ya daina dariya, wadda da ma ba yawa gare ta ba. Ƙarshe dai likita ya cire su. Bakin tirampet ƙarami ne, a kan haƙoran nan yake samun madogara. Da Kofur ya gwada busa a banɗaki, wani ɗan kuka ne ya fito, har maƙwabciya ta leƙo neman kyanwarta.

Saje, shugaban badujalar, ba mugu ba ne. Ya ce masa ko dai ya zauna a rumfa ranar faretinsa na ƙarshe a tafa masa, ko ya ɗauki tuba, wadda ke kwance a sito tun da mai ita ya tafi da ciwon baya. Bakinta da faɗi, leɓe take so fiye da haƙori. Abin ya yi wa Kofur ciwo ƙwarai. Amma da ƙafarsa ya shiga aikin nan, da ita yake son fita.

Ya je sito ya ɗauko tukunya, ya zazzage gidan gizo-gizo, ya goge ta. Wata uku yana koyon yin ƙasa da murya. Ranar fareti ya bi layin baya, gumi na zuba, yana bum, bum, shi kaɗai.

Da suka dawo gida bai tambayi komai ba. Ya cire takalmi ya zauna. Matarsa ta ajiye kwano ta tsaya a kansa.

"Baban yara, yau ba ka tambaye ni ba."

"Me za ki ji a tukunya?"

"Shekarun nan duk da nake cewa na ji ka, ƙarya nake. Ku shida ne, muryarku ɗaya." Ta dafa ƙirjinta. "Yau dai na ji ka, har nan."

Kofur ya jawo kwanon gabansa. Sannan ya ce mata daga yau sunan abin busarsa tuba, kada ya ƙara jin an ce tukunya a gidan nan.