Na Ɗauka Ƙibar Jego Ce

Lokacin da abin nan ya same ni, ni amarya ce da aure ya kawo Agege, a Legas, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Mijina mahauci ne, a mayanka yake wuni, kuma gidanmu ba ya rabo da nama. Amma ni siririya ce tun tasowata, duk abin da na ci ba ya zama a jikina. Matan gidan hayarmu kan tsokane ni wai matar mahauci guda amma kamar ƙanshin nama kawai ake ba ta. Nakan yi dariya tare da su, in shiga ɗaki in yi ta ƙunci. Ba ni da burin da ya wuce in haihu, in yi jego, in fito na cika na yi ɓul-ɓul, in rufe bakin kowa.

Allah Ya ba ni 'ya mace. A al'adarmu haihuwar fari gida ake tafiya wanka, amma hanyar ta yi nisa, sai Inna, mahaifiyata, ta taho da kanta. Ta zo da gero da yaji da daddawa, da wani ƙaton dunƙulen jar kanwa naɗe a zane. Ta ce ta ji labarin kanwar Ikko, wato Legas, ba ta da ƙarfi, ta miyar Yarbawa ce kawai. Safe da yamma ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya ta tsula min, har sai na ga duhu-duhu. Ina fitowa ta miƙo min kunu a babban kwano, kanwa ta ji har ya yi ɗaci, ta tsaya a kaina sai na shanye. Mijina kuma kullum da ƙafar saniya yake dawowa, a yi farfesu ya sha gishiri da magi. Ga zafin Legas mai danshi, gumi ba ya bushewa a jikin mutum. Ban taɓa yin ƙorafi ba, don na san abin da nake nema.

Kafin a je ko'ina na fara cika. Fuskata ta yi zagaye, zobe ya ƙi fita, silifas ya matse ni. Masu zuwa barka suna ta yaba hannun Inna, ita kuma tana murmushi tana cewa ai da sauran aiki. Wallahi na ji daɗi, har madubi nake tsayawa kallo. Sai dai akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. In na ɗauki jaririya daga gado zuwa bakin ƙofa sai numfashina ya tsaya. In na kwanta a miƙe sai in ji kamar an ɗora min buhu a ƙirji, dole in jingina da bango. Da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na gaya wa Inna. Ta ce sanyin jego ne ya samu hanya, maganinsa kuwa sananne ne: a ƙara wa ruwa wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Mijina ya so mu je asibiti, na ce lafiyata ƙalau. Tsoro nake kada a hana ni abin da ke sa ni ƙiba.

Rigakafin jaririya ne ya fitar da mu. Daga inda keke ya sauke mu zuwa bencin asibitin unguwa sai da Inna ta riƙe ni. A wurin akwai wata likita da abokan aikinta, suna bin masu shayarwa suna tambayar abin da suke ci, wai bincike take a kan gishiri da sauran ma'adanan da ke cikin abinci. Bayarbiya ce, amma a Zariya ta tashi, Hausarta tas. Ta tsallake layi ta taho wurina, ta nemi izini, ta tsuguna ta danna ƙaurina da babban yatsa. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya kamar an danna tuwo mai ɗumi. Na zuba masa ido ina jira ya cike, ya ƙi.

Ta ɗago ta ce, "'Yar'uwa, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne."

Ta tambayi abin da nake sha. Inna ta yi bayani da alfahari, har tana kwatanta girman kanwar da hannu. Likitar ba ta yi faɗa ba. A motarta ta kai mu babban asibiti, aka kwantar da ni, aka shafa min wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'ura. Sai ta juyo da allon wajena ta ce ga zuciyata nan.

Har yau ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Wani abu ne yake motsi cikin inuwa, yana buɗewa yana rufewa, da wasu 'yan ƙofofi da ke kaɗawa a tsakiya. Ta dunƙule hannu ta nuna min yadda lafiyayyiyar zuciya ke matsa jini da ƙarfi. Tawa ta kumbura ta saki, tana matsawa da ƙyar kamar tsohuwar da aka bar wa daka ita kaɗai, amma ba ta tsaya ba. Na fashe da kuka, kuma ba na tsoro ba ne. Tunani na yi cewa tun ina cikin Inna wannan abu yake min aiki, ina barci yana yi, ina fushi da ramata yana yi, ban taɓa tuna akwai shi ba. Inna ta matso tana salati a hankali, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa allon, ta janye.

Daga baya likitar ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, duk inda suka shiga a jiki sai sun ja ruwa sun riƙe. Ƙoda ce ke auna su dare da rana, ta fitar da abin da ya yi yawa, amma in aka yi ta loda mata sai ta gaza, ruwan ya taru a kan zuciyar da haihuwa ta riga ta gajiyar. Ta ce kowane bugu ɗaya na zuciya, akwai ma'adinin da ke sa ta matsa, akwai mai sa ta saki, wasu ma abin da jiki ke buƙata bai kai ƙwayar gero ba, amma in babu sai a ji a jika. Na yi ta jinjina ikon Allah, ashe a kan irin wannan ma'auni muke yawo muna fariya. Abin da ya ƙara min girmanta shi ne da ta ce ta daɗe tana wannan aiki tana rubuta wa 'yan'uwanta likitoci, amma har yanzu ba ta kai ƙarshensa ba, don akwai matan da ciwon ke kamawa ba su taɓa shan kanwa ba.

Inna dai ba ta gamsu ba. Ta ce ita ta sha, uwarta ta sha, ga ta nan daram. Likitar ta tausasa murya ta ce, "Mama, a garinku ba a taɓa yin mai jegon da ta yi kyau ta cika, sannan ta rasu kafin arba'in ba?"

Inna ta ce an yi, ƙanwarta ce, wadda take bi mata. Ta ce ita da kanta ta riƙa dama mata kunu, kowa yana yaba jikinta, kuma da ta rasu cewa aka yi sanyi ne. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai ranar.

Na daɗe a gadon asibiti. Magani ya yi ta fitar da ruwan, ƙibar da nake taƙama da ita ta bi fitsari, na koma yadda nake. An ce in dakata da wani cikin, kuma har yau zuciyar ba ta dawo daidai ba, ina shan magani. Da muka koma gida Inna ta ɗauko ragowar kanwar ta miƙa wa mijina, ta ce ya kai wa shanu su lasa.

Ban rubuto don in zagi al'ada ba, da ƙauna aka dama min kunun nan, da kwaɗayin yabo na shanye. Na koyi cewa jikin nan amana ne, kuma ya fi ƙarfin saninmu. 'Yan'uwana mata, in mai jego ta fara cika da sauri, numfashi yana mata wuya, kada ku tsaya yabo, ku kai ta asibiti. An ce min yanzu a ƙauyenmu Inna ba ta shiga barka ta fito ba ta tsuguna ta danna ƙaurin mai jego ba. Wasu na cewa tsufa ne ya fara taɓa ta. Ita dai sai ta ga ramin ya cike sannan take ɗaukar jaririn.