Ranar da Bassu Ya Fara Isa Tasgimt

Shekara goma sha huɗu ina gyara wa Bassu keke, ban taɓa ganin ya ɗaga kofi ba ko sau ɗaya. A ƙungiyarmu ta tseren keke aikinsa ɗaukar ruwa. Sai ya sako baya zuwa motarmu, in miƙa masa gora takwas ya cusa a riga, ya kutsa cikin mahaya ɗari da ashirin ya raba wa namu. In iska ta taso, shi ke shiga gaba ya tare wa Nawfal, gwarzonmu ɗan Kasabalanka. In tayar Nawfal ta fashe, Bassu ke cire tasa ya ba shi, ya tsaya bakin titi yana jirana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi wannan bai taɓa damunsa ba. Ɗan dutse ne, a Tasgimt aka haife shi, kuma a kan tsohon keken kawunsa ƙafarsa ta yi ƙarfi, yana gangarawa makaranta yana hawowa kullum. Abin da ke cin ransa shi ne mahaifinsa, Dadda Hammu mai gonar tuffa. Duk ranar tsere tsohon zai bugo waya da tambaya ɗaya tak: ka zo na nawa? Bassu ya ce na tamanin da uku. Tsohon ya ce shi ma jakinsa yana ɗauko ruwa, kuma ba ya neman hular kwano. Bassu ya yi dariya ya kashe wayar.

A shekararsa ta ƙarshe, yana da talatin da shida gwiwoyi sun fara ƙara, sai aka zana hanyar babban tsere ta bi ta tsakiyar Tasgimt. To mahaya suna da wata al'ada. In hanya ta ratsa garin mutum, sukan sassauta su bar shi ya yi gaba shi kaɗai, ya tsaya ya gaida iyayensa, ya jira su iso. Da safe Bassu ya zaga ya nemi izinin manyan ƙungiyoyi. Suka amince, har wani ɗan Aljeriya yana tsokanarsa wai ya ajiye musu shayi.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne a gaya wa mutanen Tasgimt.

Muna karyo kwana, ina cikin mota a bayansa, garin ya ɗauka. Bandiri, guɗa, mata a kan rufin gidaje, liman ma ya fito da carbi a hannu yana tsalle. Ga ɗansu shi kaɗai a gaba, tazarar minti biyu! Daga nan zuwa ƙarshen tsere kilomita ashirin da biyar ne, duk gangare, hanyar da Bassu ya sani kamar yunwar cikinsa. In ya wuce, ba mai kama shi. Allah ya yafe mini, ni da na san al'adar sarai, dukan ƙofar mota nake ina ihu ya wuce.

Dadda Hammu na tsaye kan kujera cikin farar jallabiya, yana kaɗa sanda.

"Wuce, ɗan nan, wuce! Suna bayanka!"

Bassu ya waiga. Na ga ƙafarsa ta ƙara danna feda sau biyu, da ƙarfi. Sannan birki ya yi ƙara.

Bandiri ya mutu. Tsohon ya sauko da ƙyar yana tambaya ko sarƙa ce ta tsinke.

"Ba abin da ya lalace, Baba. Aron gaba suka ba ni in gaishe ka."

"Aro? To ka gudu da shi mana, sakarai."

"Amana ce, Baba."

Ya sumbaci hannun tsohon da goshinsa. Uwarsa ta tura masa madara da dabino tana kuka, ita dai ta ga ɗanta. Tsohon kuwa ya juya fuska, kunya ta kama shi a gaban gari.

Sai ga ayarin mahayan ya iso, tayoyi na ruri kamar zuma ta tashi. Maimakon su fyalle, suka sassauta. Nawfal ya ɗora hannu a ƙirji ya yi wa tsohon sallama da sunansa, ya ce duk kofin da shi Nawfal ya ajiye a gida da ƙafar Bassu aka ciwo shi. Na bayansa suka riƙa ɗaga gora, wannan ya dafa kafaɗar Bassu, wancan ya shafa kansa, Larabawa da Turawa, har ɗan Aljeriyan nan yana neman shayinsa. Na ga sandar Dadda Hammu ta faɗi ƙasa. Ya kama sirdin ɗansa ya tura shi da gudu, takalminsa ɗaya ya fice, garin ya sake ɓarkewa da guɗa. Ni dai da hawaye na ƙarasa hanyar.

Bassu ya zo na saba'in da ɗaya, bayan ya raba dabinon uwarsa kaf a cikin ayari. Da la'asar ina wanke kekensa wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka a sanyaye, yana shirin cewa na saba'in da ɗaya. Tsohon ya yi gyaran murya.

"Zafi ya yi yawa yau," in ji shi. "Duk sun samu ruwa dai ko?"